Sansanin sojin ruwa a Yauri: Wanda ya riƙe gaɓa shi ke da kogi

Tun da aka ji labari a shekarar 2025 cewa rundunar sojin ruwan Najeriya na shirin kafa sansani a Yauri, bayan wata tawagarta ta gana da Gwamna Nasir Idris a Birnin Kebbi, maganar ta samu karɓuwa a masarautar, kuma ba za a ga laifin kowa ba. Mutanen da aka kwashe wa 'ya'ya daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, waɗanda suka ga ƙauyukan Shanga da Ngaski suna tashi saboda 'yan bindiga, suka kuma ji abin da ya auka wa makarantar Papiri da ke ƙetaren kogi a watan Nuwamban 2025, duk wani mai kaki da zai matso kusa da su abin maraba ne.

Sai dai akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa tun ba a kafa harsashin ginin ba. Jirgin ruwan yaƙi, komai ƙarfinsa, abu ne mai rauni a gaban wanda ya ɓuya a kan tudu da makami. Yana fili, kowa na ganinsa, hanyarsa sananniya ce, kuma idan aka huda shi nutsewa yake yi da duk abin da ke cikinsa. Mai harbi daga gaɓa kuwa yana da itace da dutse da duhun ciyawa, in ya yi kuskure ya sake gwadawa gobe. Saboda haka idan aka kawo jiragen sintiri Tafkin Kainji alhali gaɓar tafkin na hannun 'yan ta'adda, an kawo musu abin hari ne har gida.

Darasin da ke kwance a ƙarƙashin tafkin

Yawurawa ba sa buƙatar zuwa wata ƙasa neman misali, domin ɗaya daga cikin tsofaffin misalan yana nan a ƙofar gidansu. A watan Nuwamban 1805 Baturen nan ɗan Sikotlan, Mungo Park, ya taso daga Sansanding a ƙasar Mali ta yau cikin wani jirgi da ya haɗa daga kwale-kwale, ya sa masa suna Joliba. Jirgin na ɗauke da bindigogi cike da albarushi, abin da ba kowa ke da irinsa a bakin kogin ba a lokacin. Da ƙarfin waɗannan bindigogi ya ratsa fiye da kilomita 1,500, yana buɗe wuta kan jiragen da suka tare shi, har ya iso Yauri a farkon 1806. A nan ne jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi.

Daga Yauri bai yi nisa ba. A mashigin duwatsun Busa, inda ruwa ke matsewa yana gudu, jirgin ya maƙale a kan dutse. Bisa labarin da Amadi Fatuma ya bayar daga baya, mutanen da ke kan gaɓa sun yi masa ruwan kibau da māsu da duwatsu, har Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa suka halaka. Akwai wata ruwayar ta mutanen Busa da ke cewa gargaɗi ake yi musu game da duwatsun, su kuwa suka ɗauka hari ne. Ko wacce aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne: jirgin da ya fi kowa makami a kogin ya ƙare a daidai wurin da ya rasa jagora, ya rasa sararin juyawa, mutanen tudu kuma suna samansa. Tsohon garin Busa da duwatsun nan yanzu suna ƙarƙashin ruwa tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968.

Wanda ya biyo sawunsa ma bai tsira ba. Richard Lander da ƙanensa John sun zauna makonni a Yauri a 1830 suna neman takardun Park, sannan suka gangara har teku. Da Richard ya dawo kogin da jiragen tururi, an yi masa kwanton ɓauna a yankin Neja Delta, harsashi ya same shi, ya mutu a tsibirin Fernando Po a watan Fabrairun 1834.

Hatta rundunar ruwan Ingila, wadda ba ta da na biyu a duniya a wancan ƙarni, ta ɗanɗana kuɗarta a Legas. A watan Nuwamban 1851 mayaƙan Oba Kosoko suka kori harin farko da Turawa suka kai ta ruwa. Da suka dawo a ƙarshen Disamba, jiragensu biyu, Bloodhound da Teazer, suka kafe a yashi a ƙarƙashin igwar da aka girke a gaɓa. Sun ci garin daga ƙarshe, amma sai da suka rasa mutum 15, wasu 75 suka jikkata.

Daga igwa zuwa makami mai linzami

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, jiragen yau na ƙarfe ne, suna da na'urorin gano makami tun daga nesa. Tarihin ƙarni na 20 da na 21 bai goyi bayan wannan ba.

Ranar 9 ga Afrilun 1940 Jamus ta tura sabon jirginta na yaƙi, Blücher, domin ya kama Oslo, babban birnin Nowe. A wani matsatsin mashigi, wata tsohuwar ganuwa mai suna Oscarsborg ta buɗe masa wuta da igwar da aka ƙera tun 1893, ta ƙarasa shi da wasu tsofaffin makaman ƙarƙashin ruwa da ake harbawa daga gaɓa. Jirgin da bai cika shekara guda da fara aiki ba ya nutse, kuma jinkirin da hakan ya jawo ya ba sarkin ƙasar da gwamnatinsa damar ficewa daga birnin.

A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, sojojin Ajantina sun ciro makami mai linzami samfurin Exocet daga cikin wani jirginsu, suka ɗora shi a kan tirela a bakin teku. Ranar 12 ga Yuni suka harbi jirgin Birtaniya mai suna Glamorgan da shi, mutum 14 suka mutu. Ranar 14 ga Yulin 2006 ƙungiyar Hizbullah ta harbi jirgin Isra'ila mai suna Hanit daga gaɓar Labanon, sojoji huɗu suka mutu. Bincike ya nuna ba a kunna na'urar kare jirgin yadda ya kamata ba, saboda ba a zaci ƙungiyar na da irin wannan makami ba. A watan Yulin 2015 mayaƙan IS na yankin Sinai suka cinna wa wani jirgin sojin ruwan Masar wuta da makamin da suka harba daga tudu.

Misalin da ya fi girgiza masana shi ne na Moskva, jagoran jiragen yaƙin Rasha a Bahar Aswad, mai tsawon kusan mita 186 da ma'aikata kimanin 500. Ya nutse ranar 14 ga Afrilun 2022. Rasha ta ce gobara ce ta tashi a cikinsa, Yukren kuma ta ce ita ta harbe shi da makamai masu linzami biyu samfurin Neptune daga gaɓa, Amurka ta gaskata bayanin Yukren. Ƙasar da kusan ba ta da rundunar ruwa ta ci gaba da matsa wa Rasha lamba da makamai daga tudu da jirage marasa matuƙa, har ta tilasta mata janye yawancin jiragenta daga Sevastopol zuwa Novorossiysk.

A Bahar Maliya kuwa, a watan Nuwamban 2023 'yan Huthi na Yaman suka fara harbin jirage daga gaɓa. Sun nutsar da jirgin kaya Rubymar a watan Maris na 2024, suka kashe ma'aikata uku a jirgin True Confidence a cikin watan. Manyan kamfanonin sufuri suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, Masar ta ce ta yi asarar kusan dala biliyan 7 na kuɗin shigar mashigin Suwez a 2024.

Adalci ne a ambaci hujjar masu ganin an cika zuzuta wannan rauni. Jiragen yaƙin Amurka da na ƙawayenta sun kakkaɓo ɗaruruwan makamai da jirage marasa matuƙa a Bahar Maliya ba tare da an nutsar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Gaskiya ne. Amma a dubi kuɗin da aka kashe. Kowane makamin kariya guda yana cin dala miliyan biyu ko fiye, ana harba shi domin kakkaɓo abin da aka haɗa da 'yan dubban daloli. Kuma duk da wannan ɗawainiya, hanyar ba ta koma yadda take ba, domin wurin da ake harbo makaman yana hannun masu harbin. Idan ƙasar da ta fi kowa kuɗi ta kasa buɗe teku daga cikin jirgi kaɗai, ba ƙaramin jirgin sintiri ne zai buɗe Kwara shi kaɗai ba.

Wannan kogin dai, can sama

Babu wanda ke cewa 'yan bindigar dajin Kainji na da Neptune ko Exocet. Ba sa ma buƙatarsu. A teku ana harbin jirgi daga nisan kilomita goma-goma, shi ya sa ake neman makami mai linzami. A kogi kuwa gaɓa na kusa, kuma makaman da suka riga suka cika dazuzzukan Arewa sun wadatar.

Abin da ya faru a Mali ya isa ishara. Ranar 7 ga Satumban 2023 wani babban jirgin fasinja mai suna Tombouctou yana tafiya a Kogin Neja tsakanin Timbuktu da Gao, sai aka harba masa rokoki daga gaɓa a yankin Rharous. Injinsa ya samu matsala, wuta ta kama. Gwamnatin Mali ta ce fararen hula 49 da sojoji 15 ne suka mutu a wannan hari da wani da aka kai sansanin soja na Bamba a ranar, yayin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce waɗanda suka mutu a jirgin sun kai 120. An ɗora alhakin kan ƙungiyar JNIM. Jirgin na ɗauke da sojoji masu rakiya, kuma hakan bai cece shi ba.

Ruwan da ya ci waɗancan bayin Allah shi ne ke biyowa ta Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, ya wuce ta gaban Yelwa. Ƙungiyar da aka zarga da harin ita ce ta addabi arewacin Jamhuriyar Benin, wadda ke maƙwabtaka da Borgu, inda ta kashe sojoji 54 a watan Afrilun 2025 kamar yadda gwamnatin ƙasar ta sanar. A cikin gandun dajin Kainji kansa, 'yan ƙungiyar da ake kira Mahmuda sun yi shekaru suna cin karensu babu babbaka kafin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ya sanar da kama jagoransu a watan Agustan 2025. Dabarar da aka gwada a Rharous ba ta da nisa da nan. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Game da makamai, shaida a fili take. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin sama samfurin Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira da laima. Babbar bindigar da ake kira mai harbo jirgi tana kai wa abin hari daga nisan kusan kilomita biyu, kuma harsashinta na ratsa jikin ƙaramin jirgin ruwa kamar takarda. Roka ta kafaɗa na aiki a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci. A Arewa maso Gabas kuma, tun ƙarshen 2024 aka fara ba da rahoton cewa ISWAP na amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa masu ɗauke da bam. Duk wanda ya iya saukar da jirgin da ke gudu a sararin sama, jirgin da ke tafiya sannu a kan ruwa ba zai gagare shi ba.

Yadda tafkin yake

Mai kallon taswira zai ga Tafkin Kainji kamar ƙaramin teku, tsawonsa ya kai kusan kilomita 135, faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Amma wanda ya saba shiga jirgi daga Yelwa ya san ba haka ruwan yake ko'ina ba. Ɓangaren arewa, wato na Yauri da Shanga, kogi ne mai rassa da gungu-gungu, inda jirgi ke bi ta tsakanin tsibirai da dogayen ciyayi. Mai tuƙi ba ya zaɓen hanya yadda ya ga dama, ruwa ne ke zaɓa masa. Duk wanda ya zauna a gaɓa kwana uku yana kallo zai san inda dole jirgi ya rage gudu.

Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka cika tafkin, waɗanda har yau suke fasa jirage. Ga kainuwa da ke naɗe farfelar inji. Ga sauyin ruwa: farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa na isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi, sannan da bazara tafkin ya ja baya da mitoci da dama, wurin da jirgi ya wuce jiya ya zama yashi ko gona. Haɗarin Warrah na ranar 26 ga Mayun 2021, inda jirgin da ya taso daga jihar Neja ya tarwatse da mutane fiye da 150, ya faru ne ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. To ina ga jirgin da ake harbi, matuƙinsa baƙo ne, yana neman juyawa cikin gaggawa a tsakanin kututture?

Akwai kuma wani raunin da ake mantawa da shi. Jirgi ba ya kwana a tsakiyar ruwa har abada. Dole ya dawo ya sha mai, a gyara shi, sojojinsa su huta, kuma duk wannan a kan tudu ake yi. A ƙarshen watan Disamban 2018 mayaƙan ISWAP suka mamaye Baga a bakin Tafkin Chadi, har da sansanin sojin ruwa da ke can. Ta ƙasa suka zo. Sansanin ruwan da bayansa ke buɗe ga daji, rumbun makamai ne da ake ajiye wa wanda ya fara isowa.

Amfanin da jirgin ke da shi

Wannan ba kira ba ne na a fasa kafa sansanin. Sojin ruwa na da aikin da babu mai iya yi sai su. 'Yan bindiga na ƙetare kogi da babura da shanun sata da mutanen da suka kama, kuma a tsakiyar ruwa su ne ke cikin rauni, domin a lokacin su ne a fili. Jirgin sintiri mai sauri zai iya datse mashigai irin na Zamare zuwa Rofia, ya kama masu safarar makamai da man fetur zuwa daji, ya kai ɗauki ƙauyukan gungu da mota ba ta zuwa, ya kuma ceci rayuka a ranar haɗari. Mazauna Warrah sun san darajar jirgin ceto da zai iso cikin rabin sa'a.

Tambayar ita ce yadda za a tsara aikin domin kada a wayi gari da labarin da zai karya zuciyar jama'a ya ƙara wa 'yan ta'adda kwarjini. Hoton jirgin soja na ci da wuta a tsakiyar Kwara zai yi musu amfanin da ya fi satar garke goma, kuma daga ranar masu jiragen kasuwa za su fara biyan haraji ga wanda suka ga ya fi ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ɗauki tsaron gaɓa a matsayin rabin aikin sansanin tun daga kasafin kuɗinsa. Wuraren da kogi ya matse da manyan mashigai sanannu ne, ba su da yawan da za su gagari ƙirga. Kowannensu na buƙatar ƙaramin sansanin ƙasa a ɓangarorin biyu. Wannan na nufin aiki tare da sojojin ƙasa na Zuru da na Wawa, da sojin sama na Kainji inda jiragen Super Tucano suke, ƙarƙashin umarni ɗaya. Gaɓar gabas ta Yauri da Ngaski tana Kebbi, ta yamma wajen Agwara da Borgu tana Neja. Ɗan bindiga bai san wannan iyaka ba, don haka bai kamata sintiri ya tsaya a kanta yana jiran izini daga Minna ko Birnin Kebbi ba.

Na biyu, a sayi jiragen da suka dace da ruwan. Babban jirgi mai ban sha'awa a ranar ƙaddamarwa ba zai iya shiga rassan kogi da bazara ba, kuma rasa shi guda ɗaya babbar asara ce. Ƙananan jirage masu yawa, marasa nitso sosai, masu sulke a wurin matuƙi da inji, waɗanda ke fita uku-uku ko huɗu-huɗu suna kare juna, su ne suka fi dacewa. A haɗa su da ƙananan jirage marasa matuƙa da za su riƙa duba gaɓa kafin jirgi ya iso lanƙwasa, da na'urar gani cikin dare. Kuɗin waɗannan bai kai na injin jirgi ɗaya ba.

Na uku, kada sintiri ya zama kamar motar haya mai lokaci. Jirgin da ke fita kullum bayan sallar asuba ya dawo da la'asar ta hanya ɗaya, ya riga ya ba maƙiyi jadawalinsa.

Na huɗu, a raba jirgin soja da jirgin kasuwa. Za a samu masu ba da shawarar a riƙa sa sojoji biyu ko uku cikin jiragen da ke zuwa kasuwannin Yauri da Warrah da Malale. Abin da ya faru da Tombouctou ya nuna haɗarin hakan. Soja a cikin jirgin fasinja ba ya iya kare shi daga roka, sai dai ya ba mai harbi dalilin da zai fake da shi, alhali mata da yara da buhunan hatsi ne cike da jirgin. Rakiya ta kasance a jirgi dabam, da tazara.

Na biyar, a share hanyar ruwa a sa mata alamu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun wutar lantarki su ne wannan nauyi ya rataya a wuyansu. Kowane kututture da aka cire, an rage wurin da jirgi ke tsayawa dole, an kuma rage haɗarin da ke cin 'yan kasuwa ko babu yaƙi.

Na shida, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne mutanen ruwa. Gungawa da Sarkawa da Kambari da sauran masunta da masu fito sun san kowane rami da kowane tudu a wannan kogi, sun san baƙon jirgi daga ƙarar injinsa, sun san gungun da aka ga hayaƙi jiya alhali ba mai zama a can. Babu na'urar da za ta ba da wannan bayani. Da ɗan gari akan ci gari. Ya kamata a ɗauki 'ya'yansu aikin tuƙi da jagora da albashi mai kyau, a jawo sarakunan ruwa da fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, cikin tsarin tun daga farko, a kuma kafa hanyar kai rahoto da ba za ta tona asirin mai bayarwa ba.

Wannan amana kuwa tana da sharaɗi. Ranar da shingen bincike na kan ruwa ya koma wurin karɓar na goro daga mai kifi da mai albasa, ko aka ƙwace wa masunci koma da inji bisa zargi kawai, ko aka hana kamun kifi gaba ɗaya da sunan tsaro, ranar ce bakin mutanen gaɓa zai rufe. A Tafkin Chadi, takunkumin da aka sa wa sana'ar kifi ya jefa dubban iyalai cikin ƙunci, ISWAP kuma ta shigo tana ba da izinin kamun kifi tana karɓar haraji. Bai kamata a maimaita wannan kuskure a Kainji ba. Masuncin da ke jin tsoron jirgin soja kamar yadda yake tsoron ɗan bindiga ba zai gaya wa kowa abin da ya gani ba.

Abin da ke kan faifai ya wuce Yauri. A ƙasan tafkin akwai madatsar da aka girka wa injinan samar da megawat 760 na wutar lantarki, wadda miliyoyin 'yan Najeriya ke dogaro da ita. Kusan mutum 44,000 aka tayar daga gidajensu da gonakinsu domin a gina ta, kuma jikokinsu ne ke zaune a gaɓar a yau. Sun riga sun biya farashi sau ɗaya saboda amfanin ƙasa, don haka suna da haƙƙin a yi musu tsaron da aka yi tunani a kansa.

'Yan majalisar da ke wakiltar Yauri da Shanga da Ngaski a Abuja da Birnin Kebbi su ne ya kamata su yi tambayoyin tun yanzu: sojojin ƙasa nawa aka ware wa gaɓa, wa ke ba da umarni idan hari ya ratsa jihohi biyu, matuƙa nawa ne 'yan yankin, kuma ina masunci zai kai ƙara idan an zalunce shi. Idan aka samu amsar waɗannan, jiragen za su yi aikin da aka kawo su dominsa. Mungo Park ya iso Yauri da bindigogin da suka fi na kowa, ya bar jagoransa a nan, ya ci gaba ba jagora, kuma tafiyarsa ba ta wuce Busa ba.